Zauren Tambaya da Amsa: Gajimaren da ke Murɗewa a Bayan Tsibiri, Guguwa ce?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, dukansu kuwa a kan hotunan sararin samaniya suke, irin waɗanda taurarin ɗan'adam ke aikowa kuma suke yawo a wayoyin jama'a duk lokacin da guguwar teku ta auka wa wata ƙasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Wani ɗalibina ya nuna mini hoton da aka ɗauka daga sama a kan tsibiran Kanari, inda gajimare ya murɗe ya yi zobe-zobe a jere kamar kitso, tun daga gindin tsibiri har can cikin teku. 'Yan ajin sun ce 'ya'yan mahaukaciyar guguwa ne ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na ce su dakata sai na bincika. Shin suna da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka ce su dakata, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Abin da ɗalibinka ya gani sawun iska ne a bayan dutse, kuma babu abin da ya haɗa shi da guguwar teku sai siffar murɗewa kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce ka kai 'yan ajin bakin gada a tsakiyar damina, lokacin da kogi ya kawo. Ku tsaya ta ɓangaren da ruwa ke fita, ku watsa ƙaiƙayi ko busasshen ganye ta ɗaya ɓangaren, sannan ku zuba ido a bayan ginshiƙin gadar. Za ku ga ruwan ya rabu biyu ya zagaye ginshiƙin, amma maimakon ya haɗe ya miƙe salin-alin, sai gefen dama ya lanƙwaso ciki ya yi ɗan juyi, juyin ya ɓalle ya bi ruwa, kafin ya yi nisa kuma gefen hagu ya yi nasa ya ɓalle, haka dai suna karɓa-karɓa ba tsayawa. Ni kaina na taɓa ɓata kusan rabin sa'a a kan wata gada ta Kogin Kaduna ina kallon wannan, har wani mai tura baro ya tsaya ya tambaye ni ko wani abu nawa ne ya faɗa ruwa. Ruwan ba ya nuna juyin sosai sai da ƙaiƙayin, kuma wannan shi ne aikin gajimare a hoton da ka gani: iska ce ke juyawa, gajimaren shaida ce kawai da ke tona asirinta.

Tsibiran Kanari suna cikin Tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko, kodayake ƙarƙashin mulkin Sifaniya suke. Ruwan tekun wurin yana da sanyi, saboda igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga arewa, iska kuma tana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan kullum, musamman a watannin zafi nasu. Iskar da ke shafar ruwan nan tana yin sanyi da laima da nauyi, a samanta kuwa akwai wata iskar busasshiya mai ɗumi wadda ta zauna mata kamar murfin tukunya, a tsayin kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko makamancin haka. A ƙarƙashin wannan murfi ne siririn gajimare ke shimfiɗuwa kamar tabarma, ya rufe teku tsawon ɗaruruwan kilomita. To, dutsen Teide da ke tsibirin Tenerife tsayinsa mita 3,715 ne, wato ya huda tabarmar ya wuce murfin nesa ba kusa ba. Idan iskar ƙasan ta iso gare shi ba ta da ƙarfin hawa ta tsallake, tunda murfin ya danne ta, saboda haka dole ta rabu biyu ta zagaye, kamar yadda ruwa ya zagaye ginshiƙin gada. Abin da ke biyo baya shi ne jerin juyin nan, kowane ɗaya faɗinsa gomman kilomita, kowane kuma sai an shafe sa'o'i kafin na bayansa ya ɓalle, jerin gaba ɗaya yana iya kai ɗaruruwan kilomita kafin ya baje.

Masana suna kiran wannan jeri da sunan Theodore von Kármán, wani masanin lissafi da injiniyanci haifaffen Budapest ta ƙasar Hangare, wanda ya rayu daga 1881 zuwa 1963. Yadda ya shiga maganar ma abin dariya ne. A jami'ar Göttingen ta Jamus akwai wani ɗalibi mai suna Karl Hiemenz da malaminsa Ludwig Prandtl ya sa shi auna yadda ruwa ke gudana a jikin wani mulmulallen ƙarfe a cikin kwatami. Kullum ya auna sai ya ga ruwan bayan ƙarfen yana rawa hagu da dama, aka ɗauka ƙarfen ne bai mulmulu da kyau ba, ya yi ta goge shi yana gyara kwatamin, rawar ba ta daina ba. Von Kármán ne ya ce watakila ba aibin kayan aiki ba ne, ɗabi'ar ruwan ce, ya zauna ya yi lissafi a 1911 da 1912, ya nuna cewa jeri biyu na juyi ba sa iya dawwama sai idan sun saɓa wa juna, wato na dama yana daidai tsakiyar tazarar biyu na hagu. Adalci dai shi ne a ambaci Bafaranshen nan Henri Bénard, wanda ya riga shi ganin abin a gwaji tun 1908, amma suna ya bi wanda ya yi lissafin. Babu wanda ya san cewa sararin sama ma yana yin haka da girman da ya kai na ƙasa guda sai a farkon shekarun 1960, lokacin da taurarin ɗan'adam na farko masu duba yanayi suka fara aiko da hotuna.

Ba Kanari kaɗai ba ce. Ana ganin irin wannan a bayan Madeira, da tsibiran Kabo Berde inda dutsen Fogo ya kai mita 2,829, da tsibirin Guadalupe na Meziko, da Jeju ta Koriya ta Kudu a lokacin sanyi, da Jan Mayen can arewa kusa da ƙanƙara, da tsibirin Alejandro Selkirk na ƙasar Chile, wanda tauraron ɗan'adam na Landsat 7 ya ɗauki hotonsa a 1999. Duk inda ka duba sharuɗɗan guda ne: tsibiri mai dogon dutse shi kaɗai a teku, iska mai ɗorewa wadda ba ta cika ƙarfi ba kuma ba ta cika rauni ba, da shimfiɗaɗɗen gajimare a ƙarƙashin murfi. Idan babu gajimaren iska za ta yi juyinta, sai dai ba mai gani.

Ga gwajin da ɗalibanka za su yi da idonsu a kan hoton. Su bi zoben ɗaya bayan ɗaya su duba inda kowanne ya murɗa, za su tarar na jerin dama da na jerin hagu sun saɓa, ɗaya yana bin tafiyar hannun agogo, ɗaya yana saɓa mata. Guguwar teku ba ta da wannan zaɓi, domin juyawar duniya ce ke ba ta alƙibla: a arewacin layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, kowace guguwa saɓanin hannun agogo take juyawa, a kudanci kuma tana bin sa. Bayan haka, guguwa tana da abin da take ci, wato tururin ruwan teku mai ɗumin da ya kai kimanin digiri 26 da rabi a ma'aunin Salsiyas, wanda idan ya hau sama ya zama ruwa yake sakin zafin da ke ƙara mata ƙarfi, gajimarenta kuma yana tashi har kilomita 15 ko fiye. Juyin bayan tsibiri a kan ruwa mai sanyi yake, gajimarensa a kwance yake, ba ya da abin ci, tun daga lokacin da ya ɓalle daga dutsen yake ta raguwa har ya mutu. Ko ramin da ake gani a tsakiyar wasu zoben, wanda ya fi komai ruɗar mutane saboda ya yi kama da idon guguwa, wuri ne kawai da busasshiyar iska ta cinye siririn gajimaren.

Idan kana son kawo musu misali na kusa, ka ce su saurari wayar lantarki ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi. Fiton da wayar ke yi daga irin wannan juyi yake fitowa, sai dai a bayan waya yana ɓallewa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kunne ke jin sa a matsayin sauti. Wani masani mai suna Vincenc Strouhal ya auna wannan tun 1878.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a jihar Florida ta Amurka, duk shekara idan lokacin guguwa ya zo hankalina ba ya kwanciya. A talabijin ina ganin hoton guguwar da ja wur da baƙi a tsakiya, sai in ɗauka wuta ce ko zafi. Mene ne ma'anar launukan, kuma ta yaya ake sanin ƙarfin guguwa tana tsakiyar teku inda babu kowa? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya tsare shi ya dawo miki da shi lafiya. Jan da kike gani ba wuta ba ce, hasali ma wurin da ya fi ko'ina sanyi ne a hoton. Tauraron ɗan'adam yana da ido iri biyu. Ɗaya yana gani da hasken rana kamar idonmu, shi ne ke ba da hoton farin gajimare a kan shuɗin teku, amma da dare ba ya da amfani. Ɗayan kuwa zafin da kowane abu ke fitarwa yake aunawa, dare da rana. Tunda duk yadda aka ƙara hawa sama sanyi ke ƙaruwa, gajimaren da ya fi tsayi shi ya fi sanyi, har kan gajimaren babbar guguwa yakan kai digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili. Ma'aikatan hasashen yanayi ne ke shafa wa waɗannan ma'aunai launi a kwamfuta domin ido ya bambance su da sauri, kuma kowace hukuma da irin launukan da ta zaɓa. Abin da ja da baƙin ke gaya miki shi ne a nan hadari ya fi tashi sama, a nan ne kuma ruwa ya fi zuba.

Taurarin da ke gadin guguwa suna can a tsayin kilomita 35,786 daidai saman layin ikwaita, inda tafiyarsu ta yi daidai da juyawar duniya, don haka kullum wuri ɗaya suke fuskanta kamar an kafe su. Waɗanda ke duban Amurka ana kiransu GOES, na Japan Himawari, wanda ke duban Afirka da Turai kuma Meteosat ne na hukumar EUMETSAT, yana tsaye a saman teku kudu da Ghana. Sababbin cikinsu suna ɗaukar hoton fuskar duniya gaba ɗaya duk minti 10, kuma jera waɗannan hotuna ake yi su zama bidiyon da kike gani guguwa tana juyawa. Duk wannan ya faro ne daga TIROS-1 da Amurka ta harba ranar 1 ga Afrilun 1960, sannan a 1961 aka fara gano wata guguwa mai suna Esther daga sama kafin wani jirgi ya ci karo da ita.

Game da sanin ƙarfinta, a Tekun Atlantika Amurkawa suna tura jiragen sama su kutsa cikin guguwar su jefa na'urorin awo, amma a mafi yawan tekunan duniya babu mai yin haka, da hoto ake dogara. Wani masanin yanayi Ba'amurke, Vernon Dvorak, ya tsara hanyar karanta hoton tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1984, kuma har yau ana aiki da ita. Ana duba yadda gajimaren ya naɗe, ko ya yi rabin zobe ko ya zagaye kamar gammo, ana duba ko ido ya buɗe a tsakiya, sannan a gwada ɗumin idon da sanyin gajimaren da ya kewaye shi. Duk yadda idon ya fi tsabta da ɗumi, zoben kuma ya fi sanyi da kauri, guguwar ta fi ƙarfi. Daga nan sai a ba ta lamba daga 1 zuwa 8, a fassara lambar zuwa gudun iska. Idan gudun ya kai kilomita 63 a sa'a ana raɗa mata suna, idan ya kai 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa, daga 252 zuwa sama kuma ta shiga mataki na biyar a wani ma'auni daban na ƙarfin guguwa, wanda babu na gaba da shi. Da irin wannan karatu aka bi guguwar Freddy a 2023 tun daga arewa maso yammacin Ostireliya, ta ratsa Tekun Indiya gaba ɗaya, ta taɓa Madagaska, ta shiga Mozambik sau biyu, ta yi mummunar ɓarna a Malawi, ta shafe kwana 36 a raye, abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar ba a taɓa ganin irinsa ba.

Shawarata ga ɗanki ita ce kada ya tsaya kallon lambar mataki kawai, domin lambar iska take aunawa, alhali ruwa ya fi iska kisa, ko dai tekun da guguwa ke turowa kan tudu ko ambaliyar da ke biyo baya. Guguwar Idai da ta auka wa birnin Beira a Maris ɗin 2019 ta hallaka mutum fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabwe da Malawi, akasarinsu kuwa ruwa da zaftarewar ƙasa ne suka ci su. Idon guguwar ma yaudara ne ga wanda ke ƙasa, saboda yakan kai faɗin kilomita 30 zuwa 65, iska ta lafa, wani lokaci har rana ta fito, mutum ya ɗauka an gama, sai ɗaya gefen ya iso da iska daga kishiyar alƙibla. Idan hukumomin garinsu suka ce a tashi, ya tashi.

TAMBAYA: Na ji an ce guguwar da ke rusa gidaje a Amurka daga wajenmu take tasowa. Idan haka ne, me ya sa ba ta taɓa auka wa Legas ko Akara ba? Daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi.

AMSA: Alhaji, maganar tana da tushe, kuma hotunan Meteosat na watan Agusta sun isa shaida. Idan aka jera su za a ga dunƙulen hadari suna tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, suna ratsa Chadi, su bi ta kan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, su wuce Burkina Faso da Mali, su faɗa teku ta wajen Senegal da Gini, wani na bin wani duk kwana uku zuwa biyar. Abin da ke kora su wata lanƙwasa ce a cikin iskar gabas da ke kaɗawa a tsayin kimanin kilomita uku, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar teku ke haifarwa. Manomin ƙasar Hausa ya san rabin wannan labari ba tare da tauraro ba, tunda ya san hadarin kirki daga gabas yake haɗowa, da iska da ƙura a gabansa. Kimanin irin waɗannan lanƙwasa 60 ne ke fita daga Afirka a shekara, yawancinsu suna mutuwa a teku, amma binciken masana ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu suke fitowa. Irma ta 2017 misali ce: ta haɗu kusa da Kabo Berde ranar 30 ga Agusta, ta kai gudun kilomita 285 a sa'a, ta daidaita tsibirin Barbuda ranar 6 ga Satumba kafin ta isa Kuba da Florida. Andrew ta 1992 da Hugo ta 1989 ma daga gaɓar Afirka suka taso.

Sai dai a kula, abin da ke wucewa ta kanmu iri ne kawai, bai zama guguwar teku ba tukuna, kuma ba zai zama ba sai ya sami ruwa mai ɗumi a ƙarƙashinsa na kwanaki. Daga nan ne amsar sashe na biyu na tambayarka ta fito. Iskar da ke ɗauke da irin yamma take tafiya, wato tana nesanta shi da mu. Sannan gaɓar Legas da Akara ta yi kusa da layin ikwaita ƙwarai, tekun da ke kudu da su ya ma fi kusa, a can kuwa tasirin juyawar duniya da ke murɗa iska ya yi rauni, shi ya sa da wuya guguwa ta haɗu a ƙasa da digiri biyar daga layin. Ƙari a kan haka, a watannin Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da irin ya fi yawa, ruwan gaɓar Ghana zuwa yammacin Najeriya sanyi yake yi saboda ruwan ƙarƙashi da ke tasowa sama, abin da masuntan wurin suka sani da lokacin yalwar kifi. Kabo Berde kanta, wadda ake kiran waɗannan guguwowi da sunanta, ba kasafai suke taɓa ta ba: da Fred ta ratsa tsibiran ranar 31 ga Agustan 2015, ita ce ta farko mai cikakken ƙarfi tun 1892.

Akwai kuma wani abin da muke aikawa yamma wanda ke yin kishiyar wannan aiki, wato ƙurar Sahara. Busasshiyar iska mai zafi da ƙura takan fita kan Atlantika ta shimfiɗu a sama, idan kuwa jaririyar guguwa ta shaƙe ta sai gajimarenta ya bushe ya watse. A Yunin 2020 taurari sun bi wata ƙura mai kauri tun daga gaɓar Afirka har ta dusashe sararin tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka.

Mai son ganin duk waɗannan da idonsa zai iya buɗe shafin Worldview na hukumar NASA a intanet, kyauta ne, kuma yana ɗauke da hotunan kowace rana na shekaru sama da 20 daga taurarin Terra da Aqua. A matsa zuwa yammacin Senegal, a zaɓi wata rana a watan Mayu ko Yuni a duba kudu maso yammacin tsibiran Kabo Berde, ana iya dacewa da jerin zoben nan a bayan Fogo. A sauya kwanan watan zuwa 30 ga Agustan 2017 a ɗan matsa yamma da tsibiran, za a ga Irma a ranar da aka raɗa mata suna, tun ba ta buɗe ido ba.